Hon ɗin Gaisuwa a Tseren Ƙarshe

Tun da aka kafa dokar cewa motocin tsere su riƙa tuƙa kansu, aikin direba ya koma zama kawai. Duk wanda ya taɓa sitiyari, a zaftare masa maki. Ƙanena Sallau ne na biyu a gasar bana, ni ce kuma mai kula da harkarsa. Na san halinsa, don haka ranar tseren ƙarshe a Gusau na ɗaure masa hannuwa da ɗankwalina.

Ana zagayen ƙarshe sai na ji hon. Ashe Sallau ne ya danna sitiyari da haɓa.

"Sallau, me ya kai ka?" na ce da ya fito. "Ga shi sun mayar da kai na tara."

"Yaya, maigidana Barmo ne a gaba, motata ta zo wuce shi. Mutumin da ya koya min tuƙi zan wuce ban gaishe shi ba?"

"To ya amsa?"

"Ko ɗago kai bai yi ba."

Raina a ɓace na nufi motar Barmo, in faɗa masa abin da ladabin yaronsa ya jawo mana. Na tarar ana fito da shi a lulluɓe. Likita ya ce tun farkon tsere zuciyarsa ta tsaya.

Na tambayi alƙalin gasa ko yanzu za a gyara jerin.

"A gyara me, Hajiya? Kofin na Barmo ne. Duk bana ba mu ga direban da ya kiyaye doka kamarsa ba."