Awarar da Ta Ƙi Kama Jikinta

Ke da kike ce mini ai kin ga yadda ake yi, gyara zama in ba ki misali. An yi wata mata mai hannu, irin hannun da ba ya zama banza. Kaba in ta shiga gidanta faifai take komawa, ragowar yadin tela ya zama shimfiɗar gado, ƙwarya in ta tsage ta ɗinke ta har ta fi sabuwa kyau. Kuma duk wannan babu wanda ya koya mata. Sau ɗaya za ta ga kwando a kan wata a kasuwa, ta bi shi da ido, ta dawo gida ta yi ta saƙawa tana warwarewa har sai ta gano inda aka faro da inda aka tuƙe. Son sanin yadda aka yi abu ya zame mata kamar ƙaiƙayi, sai ta sosa take samun sukuni. Aibinta guda ne, ba ta tambaya. A ganinta tambaya aikin marasa ido ne.

To, sai maigidanta ya kwanta ciwo, likita ya hana shi nama. Mutum ne da ko miyar kuka ce sai ya laluba ya ji tsoka, don haka ya bi ya tsani abinci, kwano ya shiga ɗaki ya fito yadda ya shiga. Ana nan sai maƙwabciyarsu ta aiko da awara 'yar dubiya, soyayya da yaji a gefe. Bawan Allah ya cinye tas har da suɗe yatsu. Matar ta ji daɗi, amma abin ya tsaya mata a rai: yaya aka yi wake ya zama tsoka? Washegari ta ɗauki kabarta ta shiga gidan maƙwabciyar da sunan hira, ta zauna gindin bishiya tana saƙa, wutsiyar idonta na bakin murhu. Ta ga an wanke jiƙaƙƙen waken suya an kai niƙa. Ta ga an tace ƙullun da farin ƙyalle, an ɗora madarar a wuta. Da ta tafaso, maƙwabciyar ta kamfaci ruwa a wani ɗan tulu da ke bayan ƙofa ta zuba, sai ga madara ta dunƙule ta taso sama curi-curi. Aka kwashe, aka sa albasa da attarugu, aka ɗaure a ƙyalle aka danne da dutse. Ta ce a ranta ashe abin ba wuya. Da za ta fita har da cewa, "Ƙanwata, kar ki ƙara wahalar da kanki da aike, ni ma zan riƙa yi masa." Kin ji rigima!

Ta ɗinka matatarta, ta samo dutsen danni mai faɗi, ta bi komai daki-daki. Madara ta tafaso, ta ɗebo ruwan randa mai sanyi ta zuba, ta tsuguna tana jira. Shiru. Madara sai ƙara tsinkewa take yi. Ta ce ƙyallen ne, ta ɗinka wani mai ƙananan ido. Ta ce tukunyar ce, ta sauya. Ta ce wutar ce ta yi yawa, ta zare itace. Ta ce a'a, kaɗan ce, ta mayar. Wallahi har daɗin binciken take ji, kamar mai warware ƙulli. Amma wake yana ƙarewa, shi kuwa maigida ya koma daga koko sai koko, wuyansa ya fito, rigarsa ta yi masa yawa. Rannan ya dube ta ya ce, "Hajiya, ke kina ta bincike, ni ina ta ramewa." Maganar ta soke ta ƙwarai, don tana son mijinta.

Ta sake ɗaukar kaba ta koma gidan maƙwabciyar, har yanzu dai da niyyar kallo. Rana ta yi zafi, ƙishirwa ta kama ta, sai ta miƙe ta ɗebi ruwa a ɗan tulun nan na bayan ƙofa ta kai baki. Tsami ya buge ta har cikin kunne, ta furzar tana yamutsa fuska. Maƙwabciyar ta taso da gudu tana cewa, "Wayyo Yaya, ba na sha ba ne! Ruwan tsamin kamu ne, shi nake tarawa don awara. In babu shi ai ba za ta haɗu ba ko a kwana ana dafawa." Matar ta tsaya riƙe da moɗa, bakinta a buɗe. Ruwan tsamin kamu! Ruwan da take tsiyayewa kullum safe kafin ta dama wa mijinta koko, ta sheƙar da shi a makwarara don kada ya cika mata wuri. Kunya ta rufe ta, takaici ya biyo baya, don da ta buɗe baki tun ranar farko da maras lafiya bai sha wannan yunwar ba. Daga gindin bishiya ruwa dai ruwa ne, ido ba ya jin tsami.

Don haka in kin ga ana aiki kin ƙyasa, matsa kusa ki yi sallama ki tambaya, ba za a ce kin faɗi ba. Ai tuni magabata suka faɗa: hangen Dala ba shiga birni ba ne.