Dawowa Daga Maƙabartar Tungan Maje

Ƙasar kabari ba ta fita daga farcena ba, sai ga wani ɗan ƙungiyarmu ta acaɓa ya ɗaga gaban babur a tsakiyar titi, yana gudu a kan taya ɗaya. 'Yan uwanmu suka ɗauki shewa, wayoyi a sama.

Wannan wasan ne ya kashe abokin sana'armu da muka binne yanzu.

Na tofar da yawu, na sha gabansa. "Kai, ba ka da kunya ne?"

Ya yi dariya. "Oga, karrama shi nake yi."

Sai idona ya sauka kan fasasshen madubi da busasshen jini a tanki. Babur ɗin marigayin ne, wanda muka ba yaron nan ya kai wa matar marigayin mai takaba.