Kalmar da Ta Hana Ni Shan Bulala

Ina aji biyar malamin Turanci ya rubuta "waggish" a katin sakamakona. Baba bai yi boko ba, sai ya ja ni da la'asar wurin Malam Tanimu, tsohon akawu, bulala a hannu.

"Malam, rashin kunya ya yi?"

Tsohon ya buɗe ƙamusunsa mai warin kananzir, ya daɗe yana bi da yatsa. "A'a, Alhaji. Tsohuwar kalma ce. Mai tsokana ake nufi, marar mugunta, don dai a yi dariya."

Baba ya naɗe bulalar. "To, uwarsa ya gado."

Yanzu kullum awa goma sha biyu nake tsayuwar gadi a birnin Lusail, can ƙasar waje. Jiya shugabanmu ya yabe ni, wai ba ni da wasa ko kaɗan. Na yi masa godiya.