Furannin Rijiyar Buxton

Allon yumɓun na kwance tsakaninsu, sun lulluɓe rabinsa da ganyen furanni. Jibi za a kafa shi a bakin tsohuwar rijiyar ruwan ɗumi ta garin Buxton, kamar yadda ake ƙawata ta kowace shekara. Bryony ta dubi layin da saurayinta Alistair ya manna, hannunta ya tsaya cak.

"Daga sama ka faro."

"To, sai me?"

"Kai ka koya mini a faro daga ƙasa, kowane ganye ya hau kan ɗan'uwansa don ruwan sama ya gangare. Hankalinka ba ya nan." Ta ɗago ido. "Aikin nan da ka nema a Kanada ne, ko? Yaushe za ka tafi?"

Ya daɗe yana goge yatsunsa a wando.

"Gobe. Aikin Kanada ya fito. Ki zo mu tafi, Bry, mu yi aure can."

"Gobe! Kuma sai da fure ya tona maka asiri."

"Tsoro na ji kada ki ƙi."

Ta sunkuya tana ɓare ganyen layinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Da makon jiya ka tambaye ni, da na bar wa mutanen gari allon na bi ka. Yanzu kam sai na gama shi. Matsa, kana tare mini haske."