Nauyin Iska a Bakin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wani mai yasar rijiya ne, mutumin kwari, yana da 'yar na'ura kamar tafin hannu wadda ke yin kuka in iskar numfashi ta yi ƙaranci a rami. Sau biyu tana tsamo shi daga bakin mutuwa. Wata rana aka kira shi wani ƙauye can bisa tsauni, inda rijiyarsu ɗaya tak ta cushe da laka. Yana isa, tun bai kwance igiya ba, sai na'urar ta kama kuka a fili, ga iska na kaɗa ganye. Mutanen gari suka yi dariya, suka ce abin nasa ya zautu, ya kashe shi ya shiga, mata na jira da tuluna. Kunya ta kama shi, har ya ɗora yatsa zai kashe ta.

Sai wani dattijo, tsohon mahaƙin kuza, ya riƙe hannunsa. Ya ce masa iska ma nauyi gare ta. A kwari takan danne kamar ruwan gindin tafki, a bisa tsauni kuwa ta yi sakayau. Na'urar abin da ya danno cikinta take aunawa, kuma da nauyin iskar kwari ta saba. "Ba ƙarya ta yi ba, ɗana, baƙuwa ce. Daidaita ta da iskar nan tukuna."

Mai yasar ya daidaita ta a fili, ta yi shiru. Ya ɗaure ta a igiya ya zura. Da ta kai zurfin gaba takwas, sai kukan ya taso daga cikin duhu, wannan karon na gaskiya. Dariya ta ɗauke. Aka yi ta zura rassan ganye ana jawowa har iskar ramin ta sauya, na'urar ta yi tsit, sannan ya sauka ya kwashe lakar.

Da ya fito da ransa, ya daɗe yana duban sama, yana tasbihi. Shekara arba'in yana ɗauke da kayan iska a ka, bai taɓa jin nauyinsa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.