Mota Ɗaya, Kira Biyu

Mai amsa wayar gaggawa ta ajiye 'yar rikoda a teburin kwamitin inshorar lafiya. Shekara shida kwamitin bai ƙara ko sisi a kan abin da ake biyan masu motar asibiti ba. Mai ya yi tsada, taya ta yi tsada. Kamfaninsu ya jingine motoci biyu cikin uku, har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Yau za a yanke, a ƙara ko a bar su haka.

Ta danna. Muryar wata tsohuwa ta cika ɗakin, tana haki.

"Ya faɗi a bakin famfo! Ƙirjinsa ne, ku turo mota!"

Minti ɗaya kafin nan wani kiran ya shigo: tirela ta murƙushe ƙaramar mota, mutum huɗu cikin jini, har da mai ciki. Ƙa'idar aiki a fili take, inda rayuka suka fi yawa can mota za ta fara zuwa. Can ɗin ta tura ta.

A rikodar, muryar mai amsa wayar ko rawa ba ta yi.

"Kwantar da shi rigingine. Ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji ki danna. Kada ki tsaya, ina ƙirga miki."

Tsohuwar ta ce hannuwanta sun mutu, ta ce mata ta daure. Sai bayan minti arba'in da bakwai motar ta isa. Kuka kawai direba ya tarar.

Rikodar ta ƙare. Abin tausayi ne wallahi, amma akwai mutanen da ko a zaman makoki sai sun nemo mai laifi. Wani ɗan kwamiti ya zare tabarau, ya gyara murya.

"Malama, wannan ba matsalar kuɗi ba ce, sakaci ne. Na saurara da kyau. Ba ki tambayi sunan mara lafiya ba, ba ki tambayi shekarunsa ba, ko kwatancen gidan ba ki nema ba. Ko mota goma gare ku, ina za ki tura?"

Ta kalli rikodar. Wata uku ke nan tun ranar kiran tana zuwa aiki, tana ɗaga waya, ba wanda ya ga hawayenta. Yau kam ta kasa riƙe su.

"Ranka ya daɗe, me zan tambaya?" ta ce. "A gidan aka haife ni."