Abin Da Ba Ya Cikin Rumbu

"Cire su duka!" Farfesa ya turo wa ɗalibarsa kundin digirinta. "Na duba rumbun binciken ilimi na ƙasa. Rabin ayyukan da kika kafa hujja da su babu su."

"Ranka ya daɗe, da suna nan. Gwamnati ce ta sake fasalin rumbun, aka kwashe tsofaffin bincike."

"Ni dai abin da ba ya cikin rumbu ba bincike ba ne. Ba zan sa hannu ba."

Takaici ya cika ta. Ta jawo kwamfutarsa, ta rubuta sunansa, ta juya masa.

Ko aiki ɗaya nasa bai fito ba. Ya goge tabarau, ya sake dubawa.

"'Yata," ya ce a sanyaye, "ina ake kai ƙara?"